Aikin takarda da ƙananan yara don bukukuwan Ayalan

Shekarar da babbar 'yata ta shiga firamare a nan Dablin, babban birnin Ayalan, wata Litinin ta dawo da 'yar takarda a jaka. Malamarsu ta rubuta cewa kowane yaro ya zo da kaya kore saboda ranar Waliyyi Fatirik, in da hali kuma ya riƙo wani abin ado da aka haɗa a gida. Na bari sai da suka yi barci, na zauna a falo na yanka ganye mai kunne huɗu, na haɗa tuta, na jera su a kan tebur ina jin na burge. Da gari ya waye yarinya ta juya su, ta dube ni ta ce, "Umma, wannan ba shi ba ne. Kuma ai ni aka ce in yi."

Kuskure uku na tafka a dare ɗaya. Ganyen da ake nufi, wato shamrok, kunne uku yake da shi, na yi masa huɗu. Tutar da na haɗa ta ƙasar Kwaddibuwa ce. Na ukun shi ya fi ci mata rai, wato na ƙwace mata aikin. Tun daga ranar na canza tsari: ni ce mai awo da yankan da ke da wuya, su ne masu aiki. Kafin kuma mu taɓa almakashi sai na san abin da alamar take nufi, don in san abin da zan gaya musu, in kuma san wadda ta dace da gidana.

Bikin me ake yi

Ranar 17 ga Maris ita ce babbar ranar ƙasar Ayalan, kuma hutu ce a hukumance tun 1903. Fatirik mutumin ƙarni na biyar ne, kuma ba a Ayalan aka haife shi ba. A Birtaniya ta zamanin Rumawa ya tashi, 'yan samame suka kama shi yana wajen shekara 16 suka kai shi Ayalan, ya yi shekara shida yana kiwo a hannun iyayengijinsa, ya gudu, daga baya ya komo yana wa'azin addinin Kirista. Yau ranar ta wuce coci. Ana fareti a kusan kowane gari, a Shikago ta Amurka ma tun 1962 suke rina kogi ya koma kore. Mu 'yan Najeriya sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu: limaman Katolika 'yan Ayalan sun daɗe a ƙasarmu, su da 'yan'uwansu mata masu zaman zuhudu da suka buɗe makarantu irin su St. Louis ta Kano, kuma a 1961 shugabannin cocin suka ayyana Fatirik a matsayin waliyyin Najeriya.

Bayan wannan rana akwai wasu uku da makarantu ke sa yara aikin hannu: ranar Waliyyiya Birijid a 1 ga Fabrairu, Halowin a 31 ga Oktoba, sai Kirsimeti. Zan fi daɗewa a kan ta Maris, don ita ce ba yaron da ke tsallakewa.

Kayan aiki

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. A nemi takarda mai launi girman A4, wato santimita 21 a faɗi, 29.7 a tsawo. Duk awon da zan bayar a kan wannan girman na gina shi, don kada a yi ta asarar takarda. A samu iri biyu: mara kauri don ninkewa da saƙa, da mai ɗan kauri kamar kati don hula da fitila. Kore ya fi yawa, sai fari, ruwan lemo, ɗan baƙi da ruwan ɗorawa. Shaguna irin su Dealz da Mr Price da Eason suna da su, amma a je tun ƙarshen Fabrairu, domin mako guda kafin biki koren ne ke fara ƙarewa. In ya ƙare, kwalin hatsin karin kumallo da fenti kore sun wadatar.

Gam iri biyu ne. Na sanda, wanda ake murzawa kamar jan baki, shi ya dace da hannun yaro: ba ya jiƙa takarda, ba ya malala. Farin gam na ruwa ya fi riƙo, amma a tsiyaya kaɗan a murfin kwalba a ba yaro auduga mai tsinke ya riƙa dangwala, kada a miƙa masa robar gaba ɗaya. Wadda ba ta da ko ɗaya ta dama fulawa cokali biyu da ruwa cokali goma, ta ɗora a ƙaramar wuta tana juyawa har ya yi kaurin koko, ta bar shi ya huce. Yana riƙe kwali sosai, sai dai yana yamutsa takarda mara kauri, kuma bayan kwana biyu ko uku a firij sai a zubar.

Sai almakashin yara mai dunƙulallen baki, rula, fensir, salatef, auduga da zaren ulu. In yaronki bahago ne, ki nemo masa almakashin hagu. Na sha ganin an ce yaro ba ya iya yanka, alhali almakashin ne ke tauna takardar saboda ba na hannunsa ba ne.

Abu biyu na kora daga gidana. Na farko garin ƙyalƙyali: sai ki share wata guda kina ganinsa a kafet, a sallaya, har a girar maigida, kuma takardar da ya taɓa ba ta shiga kwandon sake sarrafawa. Na biyu ƙananan idanun roba da duwatsun ado, muddin akwai ɗan ƙasa da shekara uku a ɗakin, saboda komai baki yake kai wa.

Rabon aiki

Ɗan shekara biyu zuwa uku aikinsa yaga da liƙi. Ki ba shi takarda kore ya yayyage ta, ya manna a cikin siffar da kika zana masa. Ɗan huɗu zuwa biyar yana iya bin miƙaƙƙen layi da almakashi, yana iya ninki in kin fara masa. Lanƙwasa da kwana sai wajen shida ko bakwai, haka ma saƙa.

Duk abin da ya fi ƙarfinsu ki yi shi tun daren jiya, ki zuba kason kowa a ambulan ɗinsa. Minti 15 zuwa 20 ne haƙurin ƙaramin yaro. In kika ɓata goma kina neman rula, kin cinye rabi. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, ki ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe, ki sa musu tsofaffin riguna. Lokaci kuma da hantsi ranar Asabar ya fi, bayan an karya. A 2024 da 2025 ranar Fatirik cikin azumi ta faɗo, na gwada yin aikin da la'asar sau ɗaya, tukunya a wuta, yara na rigima a kan gam. Ban sake ba.

Shamrok

Shamrok ɗan ƙaramin ganye ne mai kunne uku da ke fitowa a cikin ciyawa. Sunan daga harshen Ayalan ya fito, *seamróg*. Labarin da ake bayarwa shi ne Fatirik ya yi amfani da shi wajen bayyana aƙidar Triniti ta Kiristoci, wato Allah ɗaya cikin uku, amma yau alamar ƙasa ce da za ki gani a jelar jiragen Aer Lingus da rigar 'yan wasan ƙasar, kuma duk shekara shugaban gwamnatin Ayalan yana kai wa shugaban Amurka kwano guda na ganyen. Mai kunne huɗun da na yanka wancan dare wani abu ne daban, ganyen sa'a ne a camfinsu. Yaran nan sun san bambancin tun suna ajin reno.

Asirin yin sa shi ne kowane kunne siffar zuciya ce. Ga yadda muke yi.

Ki yanka murabba'i uku daga koriyar takarda, kowanne santimita 8 ta kowane gefe. Yaro ya ninke kowanne gida biyu, ya danne ninkin da farce. Ki zana rabin zuciya a jikin ninkin, wato tsininta da tsagarta duka su zauna a kan layin da aka ninke, cikinta ya kumbura zuwa wajen bakin takardar. Nan ne ake yawan kuskure: in kika zana ta ɗaya gefen, da an buɗe sai a ga gutsure biyu a hannu, yaro ya fashe da kuka. Ya yanka a kan layin, ya buɗe. Wannan buɗewar ita ce daɗin aikin a wurinsu, kada ki riga shi.

A kan farar takarda ki ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiya. Ki ce masa tsinin kowace zuciya ya taɓa ɗigon: ɗaya ta kalli sama, ɗaya dama, ɗaya hagu. Gurbin da ya rage a ƙasa na kara ne, ziri mai faɗin santimita 1 da tsawon 6, a ɗan karkace shi. In aka shafa gam a kan layin ninki kaɗai, kunnuwan sai su ɗan ɗago kamar ganye na gaske.

Ga ɗan shekara biyu, ki zana shamrok babba da ya cika shafi, ki shafe cikinsa da gam, ya zuba yagaggun takardunsa. Kore mai duhu da mai haske in an gauraya ya fi kyau. Zai tsallake layi, zai manna ɗaya a goshinsa. Ki bar shi.

Akwai na ratayewa ga manyan. A yanka ziri uku masu faɗin santimita 2, tsawon 21. A ninke kowanne gida biyu, ninkin ya zama tsinin zuciya. A kamo bakunan biyu a lanƙwaso su ciki su haɗu baya da baya, a manne su da salatef. An sami zuciya mai rami. A haɗa tsinin ukun da gam na ruwa, a matse su da maƙalin shanya har su bushe, a soka ziri na huɗu a matsayin kara, a ɗaura zare a rataya a taga.

Tuta, da yadda ba za ta koma ta Kwaddibuwa ba

Tutar Ayalan launi uku ce a tsaye: kore, fari, ruwan lemo. Koren ne ke jikin sanda. Ta Kwaddibuwa launukan nan ne dai, amma ruwan lemo ne a jikin sanda. 'Yan Nijar kuma su kula, hannu yana iya zamewa ya jera su a kwance kamar ta gida. Wani ɗan gwagwarmaya mai suna Thomas Francis Meagher ne ya fara ɗaga ta a garin Waterford a 1848. Koren yana wakiltar al'ummar asali, galibinsu 'yan Katolika, ruwan lemon 'yan Furotesta, farin da ke tsakani kuma zaman lafiya tsakaninsu. Wannan bayanin ko ɗan shekara biyar yana kama shi. Nawa ya ce ashe farin shi ne mai raba faɗa.

Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, kuma A4 ta sauƙaƙa lissafin. Ki yanko farar takarda mai tsawon santimita 21 da faɗin 10.5. Ki raba tsawon gida uku, bakwai-bakwai, ki ja layi da fensir. Ki rubuta ƙaramin harafin K a gidan hagu, L a gidan dama, don kada a ruɗe. Yaro ya manna koriyar takarda a hagu, ruwan lemo a dama, ya bar tsakiya. Ko ya cika gidajen da yagaggun takardu, ko ya dangwala yatsa a fenti.

Bayan tutar ma sai an yi, tunda yaro zai riƙa kaɗa ta. A nan ake faɗawa rami: in kika juya takardar, koren zai koma hannun dama. Kada ki bi hagu da dama, ki bi sanda. Bayan kore kore ne, bayan ruwan lemo ruwan lemo.

Sandar kuma ban yarda da tsinken tsire ba, yara na gudu da shi a cikin cunkoso. Ki ɗauki shafin jarida, ki fara naɗewa daga kusurwa ɗaya zuwa wadda ke fuskantarta, ki matse sosai, ki ɗaure ƙarshen da salatef. Sanda ce mai ƙwari, in ta soki ido kuma lanƙwashewa take yi. Ki kwantar da ita a bakin koren, ki bi ta da salatef daga sama har ƙasa.

Hular lefrikon da gemunsa

Lefrikon ɗan guntun aljani ne a tatsuniyoyin Ayalan, baduku mai gyaran takalma, mai wayon tsiya, wanda ya ɓoye tukunyar zinariya a inda bakan gizo ya ƙare. In ka kama shi zai yi maka alkawari, da ka ƙifta ido ya ɓace. Na gaya wa nawa cewa shi ne Gizon mutanen nan, nan take suka gane halinsa.

Hula mai zurfi da ake ginawa da kwali tana cin lokaci, kuma ba ta zama a kan yaro. Ta ɗaurin goshi ta fi. Ki yanka ziri biyu daga kati kore, faɗin santimita 5, tsawon shafin gaba ɗaya. Ki haɗa su baki da baki da salatef. Kan ɗan shekara uku zuwa shida yakan kai santimita 50 ko ɗan sama da haka, amma kada ki dogara da lissafi, ki zagaya zirin a kansa ki sa alama. In yarinya ta yi kitso mai tudu ko za ta sa a kan hijabi, a haka za ki auna. Kada ki rufe zoben tukuna, ado ya fi sauƙi a shimfiɗe.

Fuskar hular guda biyu ce: jiki mai faɗin santimita 12 da tsayin 13, da baki mai tsawon 19 da faɗin 3. Yaro ya manna bakin a ƙasan jikin. Ya ɗora baƙin ziri mai faɗin santimita 2.5 a saman bakin, ya zama bel. Kan bel ɗin murabba'i ne ruwan ɗorawa, santimita 4, da ƙaramin baƙin murabba'i a tsakiya. Wannan ya fi a ce sai an huda rami. A manna hular a tsakiyar zirin goshi, a bari ta bushe, sannan a rufe zoben. Salatef ɗin ya kasance ta waje, in ba haka ba zai kama gashi.

Gemun shi ne abin dariyar. A yanka siffar harafin U daga kati ruwan lemo, mai faɗin da zai zagaye haɓa daga kunne zuwa kunne. A yanka ziri-ziri masu faɗin santimita 1, tsawon 8, kamar guda 20. Yaro ya naɗe kowanne a jikin fensir, ya zare, ya manna bakinsa ɗaya a jikin U ɗin. A maƙala kunnuwan U a cikin zoben ta gefe da gefe. Autana ya ƙi cire nasa har wajen cin tuwo, gemu ya sha miyar kuka.

Bakan gizo

Wannan minti goma ne. Ziri bakwai, faɗin santimita 2.5, kowanne ya gaza na gabansa da santimita 2: ja 29, ruwan lemo 27, ruwan ɗorawa 25, kore 23, shuɗi 21, ruwan baba irin na marinar Ƙofar Mata 19, shunayya 17. Yaro ya jera su daga dogo zuwa gajere, ya daidaita bakunansu ta gefe ɗaya, ki ɗaure. Ya daidaita ɗaya gefen, ki ɗaure. Da kansa zai tashi ya yi baka. A manna auduga a ƙafa ɗaya ta zama gajimare, a ɗaya ƙafar baƙar tukunya da 'yan da'irori ruwan ɗorawa. Ni da wannan nake koya musu sunayen launi da Hausa, tunda a makaranta ba mai koya musu.

Saƙar ranar Birijid

A lissafin gargajiyar Ayalan, 1 ga Fabrairu ce farkon bazararsu, kuma ita ce ranar Birijid ta Kildare. Tun 2023 aka ƙara mata hutu, yawanci Litinin ta farko a watan. A al'ada ana yanko wata ciyawar fadama mai kama da dogon tsinke, a saƙa gicciye mai murabba'i a tsakiya da hannu huɗu, a rataya a saman ƙofa.

Wannan alamar addini ce kai tsaye, ba kamar tuta ba, don haka kowane gida da hukuncinsa. Maƙwabciyata 'yar Jos ce, Kirista, duk shekara ita da 'yan biyunta suna saƙawa. Ni nawa saƙar tabarma suke yi a ranar, kuma da na yi wa malamarsu bayani ba ta ja ba. Ki yi magana da malama tun a Janairu, kada ki bari sai yaro ya tsinci kansa a tsaka mai wuya a cikin aji. Maman 'yan biyu ce ta nuna mini ta takarda, ga ta ga masu so.

Ziri huɗu, faɗin santimita 2, tsawon shafi. Launi biyu sun fi taimaka wa ido. A ninke kowanne gida biyu.

1. A kwantar da na farko a kwance, ninkinsa a hagu, bakinsa a dama.
2. A buɗe na biyu ya haɗiye na farko, ninkinsa a sama, ƙafafunsa su sauko ƙasa. A bar ɗan fili tsakaninsa da ninkin na farko.
3. Na uku ya haɗiye ƙafafun na biyu, ninkinsa a dama, bakinsa ya kalli hagu.
4. Na huɗu ya haɗiye ƙafafun na uku, ninkinsa a ƙasa. Ƙafafunsa biyu su hau sama su ratsa ta cikin filin da aka bari a ninkin na farko.
5. A ja hannayen huɗu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har tsakiyar ta matse ta zama murabba'i. A ɗiga gam a bakin kowane hannu.

Mataki na huɗu ne ke ba yara wuya, a kama musu.

Tabarmar kuwa, a ninke A4 gida biyu, a tsaga daga ninki zuwa baki, tsaga bayan tsaga da tazarar santimita 2, a tsaya saura santimita 2 a kai ƙarshe. A buɗe. Yaro ya riƙa zura ziri mai wani launi, sama, ƙasa, sama, ƙasa, na biye kuma ya fara da ƙasa. Duk wadda ta taɓa zama kusa da mai saƙar kaba ta san hannun.

Fitilar Oktoba

Halowin daga nan Ayalan ya samo asali, daga tsohon bikin Samhain, ana furta shi Sawin, na ƙarshen girbi da shigowar hunturu. Kafin kabewa ta zo daga Amurka, wata saiwa mai tauri da suke kira tanif suke rarakewa su sa wuta a ciki. Yara suna bin gida-gida da shigar ban dariya ko ta ban tsoro, abin da duk ya tuna mini da tashe. Gidaje da yawa, na Musulmi da na Kirista, ba sa shiga harkar fatalwa da mayu, amma fitilar takarda ba ta da wannan damuwar.

A yanke ziri mai faɗin santimita 2 daga gajeren gefen kati ruwan lemo, a ajiye shi, shi ne mariƙi. A ninke sauran ta tsawo. A ja layi santimita 3 daga buɗaɗɗen bakin, ki ce wa yaro nan ne birki. Ya tsaga daga ninki zuwa layin, tazarar santimita 2. A buɗe, a naɗe ta yadda gajerun gefuna biyu za su haɗu, tsagogin suna tsaye, a manne sama da ƙasa. A ɗan danna ta daga sama cikinta ya buɗe, a sa mariƙi. Kyandir na gaske ba ya kusantarta ko da wasa, sai ɗan ƙaramin nan mai batir, shi ma a tabbata murfin batirin a ɗaure yake da noti, don ƙwayar batirin tana da haɗari ƙwarai in yaro ya haɗiye. Mu in azumi ya zo wannan fitilar muke sake yi da shuɗi da ruwan zinariya.

Na Kirsimeti ba wuya. Al'adar Ayalan ita ce a kunna kyandir a taga daren jajibiri, alamar maraba da baƙo. A naɗe kwalin cikin tishu da jar takarda, a yanka harshen wuta ruwan ɗorawa a maƙala a baki, a ajiye a taga.

Ranar fareti

Maris a Ayalan ba a rantsuwa a kan sararin sama. A fita da rana, kafin a kai bakin titi yayyafi ya sauko. Duk abin da za a fita da shi, tuta ko hula, ki bi fuskarsa da faffaɗan salatef tun a gida, layi kusa da layi. Takardar adon nan mai yamutsi kuma kada ta kusanci tufafi: da ruwa ya taɓa ta take zubar da launi. Wata shekara na yi wa 'yata ɗan kwalliyar wuya da ita a kan farin hijabi, muka dawo gida wuyan hijabin ya zama kore, har yau bai gama fita ba.

Ki rubuta sunan yaro da ajinsa a bayan komai kafin ya kai makaranta, don hula talatin iri ɗaya za su taru a aji guda. Ki sa salatef ƙarami a aljihun jakarki saboda gyaran hanya. In an dawo, abin da ya tsira ki rubuta shekara a bayansa ki sa a babban ambulan. Ragowar yankakkun takardu masu tsabta, busassu, su tafi kwandon sake sarrafawa a warwatse, ba a cikin leda ba. Masu fenti da salatef kuma kwandon shara. Gutsattsarin kore dai ki ware su a kwalin takalmi, su ne na yagar auta baɗi.